Tsohuwar Corolla mai zafi: abin da za ka duba da kanka a gida

Motar da ta haura shekara 15, irin Corolla 2003 zuwa 2007 da ta cika titunanmu, ba kasafai tsufa ke kashe injinta ba. Zafi ne, kuma daga ƙaramin abu yake somawa.

Da zarar allurar zafi ta wuce rabi tana hawa, kashe AC, ka gangara gefen titi, ka kashe mota. Kada ka taɓa murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla minti 30, domin ruwan da ke ciki a matse yake, in ya feso sai ya saɓule maka fata. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi. Kan silindar na alminiyum ne, yana iya lanƙwashewa.

Fara da murfin. Juya shi ka duba robar: in ta tsage ko ta ƙandare, ba ya riƙe matsi, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta ƙaramin tanki. Sayi mai lamba irin ta tsohon, 0.9 ko 1.1. Shi ne mafi araha a duk gyaran, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Sai ka matsa manyan tiyo biyun da hannu. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura a bakin kilif, canza shi. Saman lagireto na roba ne, in ya koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa, kuma like shi da gam jinkiri ne kawai. Farin busasshen tabo a ƙasan famfon ruwa alama ce yana yoyo. Ta da mota ka kunna AC, dole fanka ta juya. In ba ta juya ba, duba fis da rile kafin ka zargi fankar.

Maganar tamosta, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya tsakanin inji da lagireto, ce ke da rigima. Makanikai da yawa suna cire shi su haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu akwai zafi. Kuskure ne. Aikinsa shi ne tsare ruwa har inji ya kai kimanin digiri 82 sannan ya buɗe. In babu shi, inji ba ya kai wa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, musamman da sanyin hunturu, sai ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara fetur, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. Abin da aka yi tsimi a ranar, gidan mai ne zai karɓe shi kaɗan-kaɗan. A wannan injin tamosta yana inda tiyon ƙasa ya shiga, noti biyu ne na sifana 10. Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta: mai kyau zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wajen ɗaura sabo, ɗan ƙusan da ke lilo a bakinsa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ƙasa da tsatsa su toshe lagireto. Zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, wajen lita 6 da rabi motar ke ci. Kulan ɗin Toyota mai launin ruwan hoda a gauraye yake zuwa, ja mai kauri kuwa rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa. Bar murfi a buɗe, juya hita zuwa zafi, inji na aiki har fanka ta tashi sau biyu, kana cikawa. Iskar da ta maƙale ita kanta tana kawo zafi.

In kumfa ba ta daina tasowa a bakin lagireto ba, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, ya ƙone. Wannan ya wuce aikin gida. Ka tabbatar an auna kan silinda kafin a ɗaura sabon gasket, in ya lanƙwashe a kai shi a goge, in ba haka ba zai sake ƙonewa. Kafin ka biya, tambayi kuɗin injin tokumbo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ka gwada da na gyaran.