Fatent dinka na kasashen waje: in ba za ka iya rike shi ba, ga yadda ake sayarwa

Fatent dai ita ce takardar da hukuma ke ba ka cewa kai ka kirkiri abu kaza, ba mai kera shi ko ya sayar sai da izininka. Amma fa ba ta tsallake boda. Wadda ka yi rajista a Abuja karkashin dokar fatent ta 1970, a Najeriya kadai take aiki, wani a Indiya zai kwafe injin casar shinkafarka tsaf ba abin da za ka iya yi masa. Sai ka bi kasa kasa ka yi rajista, ko ka shiga ta OAPI, hukumar fatent ta wasu kasashen Afirka da ke Yawunde, inda rajista daya ke aiki a kasashe 17 har da Nijar da Kamaru da Chadi. Wa'adin fatent shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda, ko kana ciniki ko kana barci kwanakin na tafiya.

To nan ne karamin kamfani ke jin jiki, kudin lauya da dala, kudin fassara zuwa Sinanci ko Japananci, ga kudin sabuntawa wanda a Turai duk shekara ne, a Amurka kuma bayan shekara 3 da rabi da 7 da rabi da 11 da rabi da ba ka takardar, ka fasa biya takardar ta mutu, kuma ko ka biya din in wani katon kamfani ya saci fasahar a can kai ne za ka kai shi kotu da aljihunka, shari'ar fatent a Amurka kuwa tana iya cin miliyoyin dala. Ni a ganina gonar da ba ka nomawa, ba ka iya korar dabba daga cikinta, kuma kana biya mata haraji, gara ka sayar ka sayi taki ka zuba wa ta kofar gida.

Fara da ware kasashe. Inda kake da masu saye ko dila, rike. Inda ko biza ba ka da ita, sa a kasuwa.

Sai lokaci, wanda shi ne mutane suka fi yin sakaci da shi. Daga ranar da ka shigar a gida kana da wata 12 ka nema a waje. In ka bi ta PCT, tsarin neman fatent a kasashe da yawa da takarda daya na WIPO, hukumar kare hakkin fasaha ta duniya, wanda Najeriya ta shiga a 2005, kana da wata 30 daga waccan ranar a yawancin kasashe kafin ka fara biyan kowace kasa daban. Cikin wannan tsakanin za ka nemi mai saye, tun nauyin bai hau kanka ba. Rahoton binciken da PCT ke bayarwa ma shi za ka nuna masa, ya ga abin sabo ne da gaske. Masu saye kuwa su ne kamfanonin da dama can suke kera irin kayan a kasar.

Wajen yarjejeniya kar ka yi rowar kudin lauya. A rubuta sunan kowace kasa da lambar takardarta, kalmar "duk duniya" kar ta shiga, in ba haka ba har gidan naka ka sayar. Za ka iya karbar kudi dunkule, ko wani abu a hannu da kaso kan kowane injin da suka sayar, amma in kason ne a sa mafi karancin abin da za su biya duk shekara, don wasu saye suke su ajiye a durowa kawai su hana kishiya. A kara da sharadin in sun daina sabuntawa takardar ta dawo gare ka. In kuma ranka bai son rabuwa da ita, ba da lasisi, kamar haya ke nan, sai dai yawanci dawainiyar tana nan wuyanka.

Duba ma ko injiniyan da ya yi aikin ya sa hannu ya mika wa kamfani hakkinsa, don lauyan mai saye zai tambaya. Kudi su shiga hannun amintaccen lauya ko banki kafin ka sa hannu, sannan a yi rajistar cinikin a ofishin fatent na kowace kasa, a Amurka an fi so cikin wata 3.