Kurakuran masu shiga kwazazzaban Utah da Arizona da motar-gida

Duk shekara sai an samu wani cikin 'yan'uwanmu mazauna Amurka ya kira ni: "Alhaji, mun yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, za mu zaga Grand Canyon da Zion da Arches cikin kwana biyar, ya ka gani?" Waɗannan wurare gandayen yawon buɗe ido ne na gwamnati a jihohin Arizona da Utah. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya a waya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Mu fara da wanda ya fi ci mini rai. Mutum ya karɓi makulli, ya zauna a kujerar direba, ya ɗauka motarsa ce ta zuwa aiki, girma kawai ta ƙara. Ka tambaye shi ƙafa nawa ne daga ƙasa zuwa rufinta, sai ya tsaya yana kallonka. Ni ma haka na yi. Mun fito daga Natural Bridges za mu Monument Valley, taswirar waya ta ce hanya mai lamba 261 ta fi kusa, na bi. Kwalta lafiya lau a kan tudun Cedar Mesa. Allunan gargaɗi na nan a gefe, na gan su, na ce ai na masu tirela ne. Can sai kwalta ta ƙare, ƙasa ta ɓace a gabanmu. Wurin shi ake kira Moki Dugway: hanyar tsakuwa ce da aka sassaƙa a jikin dutse a shekarun 1950 saboda motocin dakon yuraniyom, mil 3 na kwana-kwana, gangare na wajen ƙafa 1,200, kuma babu shinge tsakaninka da ramin. Juyawa ba ta yiwuwa, don motar ta fi faɗin wurin juyi. Na ɗora ƙafa a kan birki ban ɗaga ba. Kafin mu kai rabi ƙaurin birki ya cika ɗakin, tukwane na karo da juna a cikin kabad, ƙofar firij ta buɗe, robar miya ta bi ƙasa. Uwargida ba ta ce uffan ba sai Hasbunallahu, da muka sauka ta dube ni ta ce, "Alhaji, daga yau ni zan riƙa karanta allon." Ban yi musu ba.

Laifi biyu na haɗa a ranar. Na bi taswirar da aka yi don ƙananan motoci, alhali da na zaga ta Blanding da Bluff da kwalta zan bi har ƙarshe. Sannan na sauka gangare da birki maimakon giya. Motar da ke ɗauke da tankin ruwa da gadaje, ƙaramar giya ake sa mata tun kafin gangaren ya fara, inji ya riƙe ta, birki kuwa a taka da ƙarfi na ɗan lokaci a saki ya sha iska. Yanzu al'adata ita ce, kafin in bar harabar kamfanin haya sai na rubuta tsawo da faɗi da tsayin motar a takarda na manna kusa da sitiyari, kuma ina ɗaukar taswirar takarda, don sabis ɗin waya a can sai an dace.

Amfanin wannan takarda zai bayyana a Zion. Hanyar da ta shiga gandun daga gabas tana ratsa wani rami a cikin dutse da aka buɗe a 1930, mil 1.1, lokacin motoci ƙanana ne. Ma'aunin da hukumar gandun ke dubawa shi ne faɗin ƙafa 7 da inci 10, da tsayin ƙafa 11 da inci 4, kuma madubai da na'urar sanyi ta kan rufi duk cikin lissafi suke. Motocin haya da yawa sun wuce wannan. Ka duba dokar ramin tun kana gida, in motarka ta yi girma ka shigo ta garin Springdale da ke ƙofar kudu. Ko ka shigo ma, a yawancin watannin shekara ba a barin motar kowa ta shiga cikin kwazazzabon, bas ɗin gandu ake hawa, kuma filin ajiye manyan motoci kan cika tun da hantsi.

Kuskure na biyu namu ne, mu 'yan ƙasar zafi. Da an ce hamada sai mu tuna ranar Sakkwato a watan Afrilu, mu cika jaka da riguna marasa nauyi. Wannan hamada a kan tudu take. Bryce Canyon ya kai ƙafa 8,000 zuwa 9,000 sama da teku, kuma kusan dare 200 a shekara ruwa na daskarewa a can. Mun bar Zion a ƙarshen Oktoba da rana ina gumi, tafiyar awa biyu, muka kwana a Bryce. Sansanonin cikin gandun ba su da wurin jona wuta. Murhun ɗumama motar da gas yake aiki, amma fankar da ke hura ɗumin batir take ci, wannan ne ban sani ba. Wajen ƙarfe uku na dare batir ya mutu, janareta kuma an hana kunna shi da dare. Da asuba na murɗa famfo zan yi alwala, ko ɗigo. Da rana ta ɗaga, ƙanƙarar da ke cikin bututu ta narke, sai ga ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashin motar, wani mahaɗi ya tsage. Kuɗin ajiyar da na bari a kamfanin haya, rabonsa da ni ke nan. Sanyin hunturun Kano da muke kuka da shi, ɗan'uwa, wasan yara ne. Tun daga ranar, in daren zai yi sanyi nakan kashe famfo in tsiyaye bututun, in bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe don ɗumi ya shiga, in ajiye jarka da buta a cikin ɗaki. Wasu na rantsuwa da maganin hana daskarewa. Ni na fi son in sauko garin Tropic da ke ƙasa in kwana inda akwai wuta.

A Grand Canyon abin juyewa yake. Bakin kwazazzabon na kudu yana wajen ƙafa 7,000, iska mai daɗi, sai mutum ya kama gangara da robar ruwa guda a hannu. Duk yadda ka yi ƙasa zafi ƙaruwa yake, a gindi da bazara yakan wuce digiri 40, kuma hawowa na cin ninkin lokacin sauka. Hanyar South Kaibab babu famfo ko ɗaya. Lita 4 ga kowane mutum a rana, wannan na sha ne kawai, ban da girki da alwala.

Sai kuma maganar da nake so a ji da kunnen basira. Kai da ka taso kana ganin yadda korama busasshiya kan cika da ruwa cikin mintuna da damina, wane dalili ne zai sa ka faka mota a cikin kwari don ka ga yashi mai laushi da inuwa? Dutsen can ba ya shan ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba ana iya yin ruwan sama mil da yawa daga inda kake, samanka garau, ambaliya ta zo maka da duwatsu da kututture. A Agustan 1997 mutum 11 suka mutu haka a Antelope Canyon, a Satumban 2015 wasu 7 suka mutu a Keyhole Canyon na Zion. Kullum ana liƙa hasashen ambaliya a ofishin baƙi. In ya yi muni ka haƙura da The Narrows, matsattsen kwazazzabon Zion da ake takawa a cikin kogi, hoton ba zai gudu ba. Na taɓa ganin magidanci da yara uku yana gardama da ma'aikacin gandu wai ya biya kuɗin shiga. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Sauran ƙanana ne. Wurin kwana kamar Devils Garden na Arches ko Watchman na Zion tun wata shida ake kama shi a shafin intanet na Recreation.gov, kar ka zo da yamma kana neman alfarma. Mai ya kai rabin tanki, ka sha. Tsakanin Green River da Salina a kan babbar hanyar I-70 sama da mil 100 ne babu gidan mai. Rumfar gefen mota a naɗe ta kafin a bar sansani, iskar la'asar takan yage ta. Baƙar ƙasar nan mai ƙuraje da ke gefen hanya a Arches da Canyonlands rayayya ce, ita ke riƙe yashi, taku ɗaya kan ɗauki shekaru kafin ya warke. Bakin Grand Canyon na arewa kana hango shi daga na kudu, amma tafiyar sama da mil 200 ce a mota, kuma rufe shi ake da hunturu. Naman halal a sayo tun daga Las Vegas ko Salt Lake City. In za a juye tankuna, na bahaya ake fara buɗewa, sannan na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyo.

Agogo ma sai an kula. Jihar Arizona ba ta canza lokaci da bazara, amma yankin ƙabilar Navajo da ke cikinta yana canzawa, Utah ma haka. A kusa da garin Page waya takan yi ta tsalle da awa guda, gwargwadon turken sabis ɗin da ta kama. Antelope Canyon kuwa ba a shiga sai da ɗan jagora ɗan ƙabilar Navajo kuma a kan lokacin da aka ba ka, don haka ka tambaye su da wane agogo suke aiki, ka saita na hannunka da kanka.