Masu son kai yara ganin sojojin wasa a Kulmbach

'Yan uwa mazauna Jamus, in hanya ta kai ku jihar Bavariya, ku leƙa fadar Plassenburg da ke kan tudu a garin Kulmbach. A ciki akwai gidan tarihin 'yan mutum-mutumin kuza, sun haura 300,000, yawanci sojoji ne da dawakai, shafaffu, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.

Shawarata, ku fara da babban filin da aka jera 'yan mutum-mutumin don nuna ranar da aka ƙone Kulmbach a 1553. Nan ne ido ke buƙatar natsuwa, tun yara ba su gaji ba. Ƙananan yara kuwa sai an ɗaga su kafin su gani sosai. Hawan tudun akwai wuya, a sa takalmi mara tsini.