Yadda na magance shaƙewar babur ɗina a hanyar Haɗejia

Babur ɗin da nake doguwar tafiya da shi mai sauƙin kuɗi ne, irin dogon nan da aka ƙera domin burji da yashi. A hunturun bana, ina dawowa daga Nguru zuwa ƙauyenmu kusa da Kafin Hausa, sai ya fara shaƙewa duk sanda na murɗa totur, yana fitar da baƙin hayaƙi.

Da farko na zargi man da na saya wurin 'yan bumburutu, har na zubar da shi, abin da har yau yake damuna, domin ba shi da laifi. Da na kwance fulogi na ga bakinsa ya yi baƙi ƙirin, na gane iska ce ba ta isa injin. Soson matatar iska ya toshe da jar ƙura, har tana zubo mini a tafin hannu. Na wanke shi da kananzir, na matse a hankali ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, na shanya a inuwar darbejiya, sannan na shafa masa baƙin mai kaɗan. Na goge fulogin na mayar, bugu ɗaya ya tashi, bai sake shaƙewa ba har gida.