Yadda ake kiwon dukiya a kasuwar hannun jari ta Ghana

A watan Yulin 2007, lokacin da aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Ghana, sabon sidi ɗaya ya ɗan fi dalar Amurka ɗaya daraja, amma a ƙarshen 2022 sai mutum ya ba da fiye da sidi 10 kafin ya sami dala guda, kuma a Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Duk ɗan zangon da ya ɗaure kuɗinsa a akwati tsawon waɗannan shekaru, ko a Nima yake ko a Aboabo, bai rasa ko pesewa ɗaya a ƙirge ba, amma abin da kuɗin za su iya saya ya narke. Shi ya sa mai tanadin tsufa yake buƙatar dukiyar da ke haihuwa, kamar yadda iyayenmu suke sayen karsana su ba makiyayi amana. Hannun jari shi ma kiwo ne: kana mallakar wani yanki na kamfani, ana ba ka rabonka idan ya ci riba, kuma asararsa tana shafarka.

Kafin ka sayi komai, ware kuɗin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida, ka biya bashin da ke kanka, sannan ka tsayar da abin da za ka iya mantawa da shi shekara goma. Kuɗin hayar ɗaki, wanda a Akra ake yawan neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, da kuɗin makarantar yara da jarin shagonka ba su da gurbi a wannan kasuwa, domin wanda matsi ya tilasta wa sayarwa yakan sayar ne a ranar da farashi ya faɗi.

Kasuwar hannun jari ta Ghana, wadda ta fara ciniki a Nuwamban 1990, ba a shigarta sai ta hannun dillali mai lasisin SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar. Duba sunansa a jerin da hukumar take wallafawa kafin ka miƙa masa ko sisi. Zai nemi katin ɗan ƙasa, ya buɗe maka asusun CSD, inda ake rubuta hannayen jarinka da sunanka, ba da sunansa ba. Tambaye shi ladan da ake cira a kowane ciniki, ka kuma san cewa ana cire harajin kashi 8 cikin ɗari daga ribar da kamfani ya raba.

Zaɓen kamfani ne ya fi neman natsuwa. Fara da waɗanda kake ganin kayansu da idonka, irin su MTN, GOIL, Fan Milk, Unilever da kamfanin manja na Benso, sannan ka karanta rahotonsu na shekara biyar da suka wuce: shin ciniki yana ƙaruwa, bashi bai yi musu katutu ba, kuma suna raba riba a kai a kai? Wanda yake gudun kuɗin ruwa da cinikin giya zai kauce wa bankuna da kamfanin Guinness, kuma gaskiya wannan yana rage masa zaɓi sosai, tunda bankuna suna da yawa a cikin 'yan kamfanonin da ke kasuwar. Duk da haka, kada ka tara komai a kamfani ɗaya. Bankin UT yana cikin kasuwar lokacin da Babban Bankin Ghana ya soke lasisinsa a Agustan 2017. Masu ajiya sun koma bankin GCB da kuɗinsu, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu.

Daga nan sai ka mayar da sayen tamkar zubin adashi. Tsayar da adadi, ko da sidi 200 ne, ka riƙa saye kowane wata ko kowane wata uku, farashi ya hau ko ya sauka, kuma duk ribar da aka raba ka mayar da ita ciki. Lissafin mai sauƙi ne: raba 72 da yawan kashin da dukiyar take ƙaruwa a shekara, za ka sami shekarun da za ta ɗauka ta ninka. Idan, a misali, tana ƙaruwa da kashi 12, za ta ninka a shekara 6, wato sidi 1,000 ya zama kusan 32,000 a shekara 30. Sai dai dole ka debe hauhawar farashi daga wannan lissafi, in ba haka ba za ka yi murna da lambobi alhali buhun shinkafa ya riga ka gudu.

Haƙuri ne jarrabawar. A 2018 MTN ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a a kan pesewa 75 (pesewa 100 ne sidi ɗaya), har ta wayar hannu ana iya saye. A 2020 farashin ya sauka ƙasa da haka, wasu suka tsorata suka sayar, amma a 2024 ya haura sidi 2, ban da ribar da aka riƙa rabawa a tsakani. A shekarar 2018 ɗin dai hukumar SEC ta dakatar da Menzgold, wani kamfanin cinikin zinare da yake alkawarin riba mai tsoka kowane wata, kuma mutane da dama har yau suna neman kuɗinsu. Duk wanda ya lamunce maka riba tabbatacciya kowane wata, ka tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sau ɗaya a shekara, misali a watan da kake fitar da zakka, nemi takardar asusunka daga dillali, ka duba ko wani kamfani ya canza hali, ka tambayi malaminka yadda za a lissafa zakkar. Ka kuma sanar da matarka ko babban ɗanka sunan dillalin da lambar asusun CSD, ka ajiye takardun tare da na fili, domin magada ba za su nemi abin da ba su san da shi ba.