Yadda Ake Amfani da Sharaɗi da Maimaici a NetLogo: Misalin Garken Awaki Tsakanin Rani da Damina

NetLogo yaren kwamfuta ne da Uri Wilensky ya ƙirƙira a shekarar 1999, ana ci gaba da kula da shi a Jami'ar Northwestern da ke Amurka, kuma kyauta ake sauke shi. Ana amfani da shi wajen kwaikwayon yadda halittu masu yawa suke rayuwa a fili ɗaya. Ɗalibin fannin noma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da yake son sanin ko wata makiyaya za ta iya riƙe garken jajayen awakin Sakkwato har faɗuwar damina, zai iya jarraba hakan a kwamfutarsa, matuƙar ya fahimci inda ake sa sharaɗi (umarnin da ba ya aiki sai wani abu ya tabbata) da inda ake sa maimaici (umarnin da ke sa a yi ta maimaita aiki).

A wannan yare, abubuwa masu motsi su ne turtles, wato awakinmu ke nan, ƙananan murabba'an da aka raba filin kuwa patches. Da farko a ba kowace akuya ƙarfi da turtles-own [karfi], a ba kowane murabba'i ciyawa da patches-own [ciyawa], sannan a rubuta aikin rana ɗaya kamar haka:

to go
  if not any? turtles [ stop ]
  ask turtles [
    set karfi karfi - 1
    ifelse ciyawa > 0
      [ set ciyawa ciyawa - 1 set karfi karfi + 2 ]
      [ rt random 360 fd 1 ]
    if karfi <= 0 [ die ]
  ]
  tick
end

Umarnin if yana aiki ne kawai idan sharaɗin ya cika, in bai cika ba a wuce. Shi kuwa ifelse hanya biyu gare shi: akuya ta ci idan akwai ciyawa a inda take tsaye, in babu ta juya ta ƙara gaba. A kula da tazarar da ke gefen alamar ragi, domin idan aka rubuta karfi-1 a manne, manhajar za ta ɗauka sunan wani abu ne da ba ta sani ba, ta ƙi aiki.

Damina ma da sharaɗi ake shigo da ita. Tunda ruwan Sakkwato galibi tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, idan aka ɗauki ranar farko ta Janairu a matsayin sifiri, to kafin tick, wato umarnin da ke ƙara rana ɗaya a lissafin kwanaki (ticks), sai a ƙara wannan:

  let rana ticks mod 365
  if rana >= 151 and rana <= 272 [
    ask patches [ if random 100 < 10 [ set ciyawa ciyawa + 1 ] ]
  ]

Goman da ke nan, wato damar kashi goma cikin ɗari ta ƙaruwar ciyawa a kowane murabba'i a rana, misali ce kawai, mai bincike zai maye gurbinta da abin da ya auna a fili.

A wajen maimaici ne wanda ya saba da wasu yarukan kwamfuta irin su Python ko C yake yawan rikicewa, domin hannunsa na ƙaiƙayin rubuta while, umarnin da ke ta maimaita aiki muddin sharaɗi yana nan, alhali tsarin ya riga ya ƙunshi maimaici biyu. Maɓallin da ake dannawa don gudanar da go, idan aka sa masa alamar forever, shi ne mai juya kwanaki ɗaya bayan ɗaya. Sai ask, wanda yake bin awaki ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane zagaye yana hargitsa jerinsu, don kada akuya guda ta riƙa riga sauran kiwo kullum.

A ce wani ya rubuta while [ciyawa = 0] [ rt random 360 fd 1 ] a cikin ask, da nufin akuya ta yi ta tafiya har ta sami abinci. A damina ba za a ga aibinsa ba. Amma a tsakiyar bazara, wajajen Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare a filin gaba ɗaya, akuyar farko za ta yi ta yawo ba iyaka, sauran ba su motsa ba, lissafin kwanaki ya tsaya cak, kuma ruwan da zai fitar da ita daga wannan hali ba zai taɓa sauka ba. Idan haka ta faru, sai a shiga Tools a danna Halt. Ko da ciyawa ta rage a wani lungu, sakamakon ba daidai ba ne, domin an bar dabba ta ratsa daji duka a yini ɗaya ba tare da ƙarfinta ya ragu ba.

A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne repeat 5 [ if ciyawa = 0 [ rt random 360 fd 1 ] ], wanda ya ƙayyade mata taku biyar a rana, in ba ta samu ba ta kwana da yunwa. Shi foreach na jerin lambobi ne, kamar adadin ruwan watanni goma sha biyu, ba a buƙatarsa wajen bin awaki.

Da yake akwai random, wato zaɓen lamba ta hanyar ƙuri'a, a cikin tsarin, gwaji ɗaya ba ya isa hujja. A buɗe BehaviorSpace, sashen manhajar da ke maimaita gwaji, a ƙarƙashin Tools, a sa shi ya maimaita gwajin sau da yawa da garke mai awaki 50, da mai 100, da mai 200, a ƙayyade masa kwana 365, sannan a umarce shi ya rubuta count turtles a ƙarshen kowane gwaji.