Yadda ake bi a yi gwajin jini na ciwon funfunar huhu

Mutum ya sha maganin tarin fuka wata 6 cif, an auna kaki an ce ba komai, amma tari bai tsaya ba, rama sai ƙaruwa take, wani lokacin ma har da gudan jini a cikin kakin. Toh a irin wannan halin dan Allah kar a yi saurin komawa kan maganin tibi, a fara tambayar likita gwajin Aspergillus IgG tukuna.

Aspergillus wata funfuna ce da ke yawo a iska, kowa na shaƙarta kullum kuma lafiyayyen huhu ba ruwansa da ita, amma tibi yakan bar rami a huhu, a nan take samun wurin zama har ta dunƙule kamar ƙwallo. Jiki kuma sai ya ƙera sojojin da za su yaƙe ta, su ake kira antibodi, IgG ɗin nan irinsu ne, su ɗin ake nema a jini. Dalilin da ya sa ake duba jini kuwa shine in aka shuka kaki a leb sau da yawa funfunar ba ta tsirowa ko da tana ciki.

In za ka je, ka haɗa tsofaffin hotunan ƙirjinka duka da sakamakon GeneXpert, wato gwajin kaki na tibi, da kwalayen magungunan da kake sha, ka kuma faɗi tun yaushe abin ya fara, domin sai ciwon ya kai wata 3 ake ɗaukarsa a matsayin daɗaɗɗen ciwon funfunar huhu. Ba sai ka yi azumi ba, jini kaɗan za a ɗiba a jijiyar hannu. Akwai na gaggawa mai kama da tsinken gwajin maleriya, cikin rabin awa layi ya fito, akwai kuma na inji wanda ke ba da lamba, wannan kam yakan ɗauki kwanaki.

Wajen karanta sakamakon ne mutane ke ruɗewa. Fozitif shi kaɗai ba ya nufin kana da ciwon, sai an haɗa shi da alamomin da kake ji da kuma abin da hoto ya nuna, musamman na CT, wato hoton injin da ke nuna cikin huhu dalla-dalla. Negetif ma ba shikenan ba ne, wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai, kamar mai shan maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, jikinsa ba ya iya ƙera antibodin sosai, shi gwajin galactomannan ake masa wanda ke neman ɓurɓushin funfunar kanta. Mai asma da ta ƙi jin magani kuma IgE ake duba masa, wato antibodin alaji. Haka ciwon histoplasmosis, wanda wata funfunar daban ke kawowa, antibodinsa sai bayan makonni yake fitowa, in an auna da wuri sai an sake.

In ciwon Aspergillus ɗin ya tabbata, yawanci maganin funfuna mai suna itraconazole ake farawa da shi, aƙalla wata 6, ana bin lafiyar hanta da gwaji. Kuma lallai ka gaya wa likita in kana shan rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tibi, don yana karya ƙarfin itraconazole a jini sosai, ba a haɗa su.